Direban Cikin Fim

Ɗakin direba a Riyad ba a cikin gida yake ba, kuma ba za ka ce a waje yake ba. A jikin katanga ake manna shi kusa da get, ƙofarsa na kallon titi, don kada hanyarka ta haɗu da ta matan gida. Nawa a unguwar Malaz yake, a wani layi na tsofaffin gidaje masu dogayen katangu, inda za ka wuni ba ka ga ƙafar mutum a ƙasa ba sai tayar mota. Katifa ce a ciki, da banɗaki, da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin markaɗe. A nan na zauna shekarun da na yi ina tuƙa wani tsohon ma'aikacin gwamnati da matarsa da 'yan matansa.

Ba zan ɗauki alhakinsu ba, ba su zalunce ni ba. Abinci na zuwa a kan lokaci. 'Yar aikin gidan za ta ajiye tire a bakin ƙaramar ƙofa, ta ƙwanƙwasa, kafin in buɗe ta ɓace. Abin da babu shi ne magana. Ni kuwa mutum ne da mahaifiyata ke cewa ko a barci bakina ba ya hutawa. A Zariya motar haya nake ja, kullum cikin gardamar fasinja, daga siyasa zuwa ƙwallo zuwa tsadar taki. Sai ga ni a garin da zan wuni ban furta abin da ya wuce "na'am" da "ɗayyib" ba, wato to. Har ta kai ina yi wa kaina hira a danja. Wata rana uwar gidan ta tambaye ni daga kujerar baya ko waya nake yi. Na ce e, don kunya ta hana ni cewa da sitiyari nake magana.

Tsaki ne ya haɗa ni da Kawu. An idar da sallar la'asar a masallacin layinmu, ana ta neman takalma, sai na ji wani ya ja tsaki a bayana, dogo mai wutsiya, irin wanda ba a koyonsa ko'ina sai a gida. Na waiwaya. Wani dattijo ne siriri, da furfura a gemu, yana juya silifa da ƙafa yana neman ɗan'uwan nasa.

"Sannu Baba," na ce.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Daga ina?"

"Zariya."

"Ikon Allah. Duk faɗin ƙasar nan a rasa wanda za a jefo mini sai Bazazzagi."

Bakano ne, tsakaninmu da Kanawa kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni. A gida da na rama nan take. A ranar kasawa na yi. An tsokane ni da Hausa, daɗi ya kusa sa ni kuka a ƙofar masallaci.

Shi ne direban gidan da ke ƙarshen layi, ya haura shekara ashirin yana wannan aiki. Na koma kiransa Kawu, shi kuwa bai taɓa kirana da komai ba sai Bazazzagi. Safiyar Juma'a ita ce tamu. Ranar gari ba ya tashi da wuri, kantuna a rufe, ba makaranta, ba mai neman direba sai an kusa tafiya masallaci. Sai in taka zuwa ɗakinsa, ya dafa shayi, mu ci kubus, burodin Larabawa, da wani yaji da yake zuwa da shi daga Kano yana tattalinsa kamar magani. Yana da talabijin, tsohuwa mai doro, wadda matar maigidansa ta fitar za a zubar ya roƙa.

Kawu ɗan silima ne tun yana saurayi. Yakan ba ni labarin silimar da ba ta da rufi, ana zaune a kan bencin siminti, iska na kaɗa hoton, jama'a na yi wa ekta ihu cewa bos na bayansa. Washegari kuma a gareji shi ke ba da fim ga waɗanda ba su je ba. Ya ce har shayi ake saya masa don ya ba da labarin fim ɗin daga farko, da kiɗan, da harbin, da yadda ekta ya gyara hula. A ra'ayinsa fim bai cika fim ba sai an kalle shi da wani a gefe, sannan an ba da shi ga wani da baki. A wannan lokacin ba gidan silima a garin. Akwai dai wata tasha da ke sa tsofaffin finafinan Amurka da hantsin Juma'a, tana ta juya 'yan ƙalilan ɗin da take da su. Ɗaya daga ciki ya fi sauran yawan dawowa, shi ne ya zama namu.

Fari da baƙi ne, na zamanin da kowane namiji ke sa malafa yana busa taba ko a asibiti. Wasu wa da ƙane ne suka gaji otal a bakin teku. Wan yana son a sayar, ƙanen ya ce sai bayan ransa, ga kuma wata mawaƙiya mai farin gashi da ke waƙa a otal ɗin, kowannensu na satar kallonta. Ni ke fassara Turancin da ɗan abin da na tsira da shi daga sakandare, Kawu kuma na gyara mini, don shi ko ba ya jin abin da aka ce ya san abin da za a ce. Tashar tana yanke duk inda fuska ta kusanci fuska. Mawaƙiyar za ta matso, ƙanen ya ajiye taba, sai kawai ka ga gari ya waye ana shan kofi. Kawu yakan ce, "Madalla, an ɗaura aure ba a gayyace mu ba."

Amma ba don waɗannan muke kallon fim ɗin ba. Wan yana da mota, doguwa baƙa, motar kuma tana da direba. Baƙar fata ne, ya manyanta, da hular direbobi mai baki da farar safar hannu. Ba ya fitowa da yawa. Ya buɗe ƙofa, ya rufe ƙofa, ya ce "yassa". Akwai wurin da ake biki a cikin otal, ana ruwan sama, sai aka nuno shi a waje jingine da mota. Ya zaro wani abu a nannaɗe cikin takarda daga aljihu, ya gutsura, yana kallon tagogin da ke da haske. Bai fi ƙiftawar ido ba aka koma ciki wajen masu rawa. Ranar da muka fara ganin wurin, Kawu ya ajiye kofinsa ya nuna da ɗan yatsa.

"Ga ekta nan," ya ce.

"Kawu, ekta shi ne ƙanen. Ba ka ga shi ake ta nunawa ba?"

"Bazazzagi, kai dai fassara aka sa ka. Wancan yaron me ya sani? Dubi tsayuwar mutumin nan. Ya san bikin ba zai tashi yanzu ba, kuma ya san in ya zauna a cikin mota za a ce barci yake."

Daga ranar fim ɗin ya juye mana. Duk abin da ake yi a otal jira ne kawai kafin namu ya sake fitowa. Kawu ya bi ya dame ni da tambayoyin da ba ni da amsarsu. Ina mutumin nan yake kwana? Wa ya naɗe masa abincin nan a takarda, mata ce ko shi ya naɗe wa kansa? In ya ajiye motar, akwai wanda ke jiransa? Wannan ta ƙarshen ita ce ya fi maimaitawa, kuma na san ba direban fim kaɗai yake nufi ba.

Kawu ya gina gida a bayan Kano, ya aurar da 'ya'ya, ya yi wa wasu makaranta, duk daga ɗakin nan na jikin katanga. Amma autarsa in ta kira shi a waya Alhaji take ce masa, ba Baba ba. Ya taɓa gaya mini cewa duk hutun da ya je, ana yanka masa kaza, ana shimfiɗa sabon zanen gado, in ya shigo tsakar gida a rage murya. "Baƙo ake yi wa haka," ya ce. "Baƙo kuma daɗinsa ya zo ya tafi."

Abu ɗaya ne ya dame mu game da ektan namu, shi ne tuƙinsa. In an nuno su a cikin mota, hanyar da ake gani ta gilashin baya miƙaƙƙiya ce sak, shi kuwa yana ta murza sitiyari hagu da dama kamar mai tuƙa tuwo. Wani lokaci hanyar ta yi kwana, hannunsa bai motsa ba. Madubin tsakiya babu shi sam. Na ce mutumin nan bai iya mota ba. Kawu ya ji haushi kamar ɗan'uwansa na zaga. Ya ce a'a, akwai dai wani abu, mai irin wannan tsayuwar ba zai kasa riƙe sitiyari ba. Mun yi makonni muna wannan gardama, kuma ina jin daɗinta, don na daɗe ban sami wanda zan yi musu da shi ba.

Tashar ce ta raba mana gardamar. Wata Juma'a, kafin a sa fim ɗin, wani mai gabatarwa ya fito da Larabcinsa na makaranta yana bayanin yadda aka shirya shi, ana nuna tsofaffin hotuna. Ashe otal ɗin ba otal ba ne, fuskar gini ce ta katako, an tokare ta da sanduna ta baya. Ruwan saman daga bututu yake zuba. Ƙanen gajere ne, a kan akwati yake tsayawa in zai yi magana da mawaƙiyar, ita kuma wata ce daban ke yi mata waƙar, baki kawai take motsawa. Mai shirya fim ɗin da wanda ya fito a wan ba sa ga maciji, har aka gama ɗauka ba sa gaisawa. Sai aka zo kan motar. Rabin mota ce, an yanke gabanta, ba inji, ba gilashi, an ɗora ta a kan katako a cikin wani ƙaton ɗaki. A bayanta an kafa farin allo ana haska hoton hanya da majigi, wasu ƙarti biyu kuma na gefe suna girgiza ta don a ce tafiya take. Ga namu a zaune da hularsa, riƙe da sitiyarin da ba a haɗa shi da komai ba.

Na fashe da dariya. Kawu bai yi ba.

"Ka gani ko," ya ce a hankali. "Ba laifinsa ba ne. Hanyar a bayansa take, ba ya ganinta. Ce masa aka yi ya yi ta murzawa."

Mai gabatarwar ya faɗi sunan kowa, har da matar da ta ɗinka rigunan mawaƙiya. Ya faɗi wanda ya mutu da ƙuruciya, da wanda ya yi aure sau nawa. Muka kasa kunne har ya yi sallama, bai ce uffan a kan direban ba. Ni abin ya ba ni haushi, na yi ta mita. Kawu ya ce in bari, ƙarshen fim ɗin zai nuna.

Matsalar ke nan, ba mu taɓa ganin ƙarshen ba. Maigidana yana son wani babban masallaci mai nisa saboda ƙira'ar limamin, kuma yana son sahun gaba. Na Kawu ma haka, nasa masallacin daban. Kullum daidai wurin da wan ya ɗauki alƙalami zai sa hannu a sayar da otal, wayar ɗayanmu za ta yi ƙara, a ce "yalla", wato mu tafi. Sai Kawu ya miƙa hannu ya kashe talabijin. Ya kafa doka cewa ba wanda zai ga ƙarshen shi kaɗai. In mutanen gidana sun yi tafiya, nasa suna nan. In Allah ya sa duka sun tafi hutun bazara, tashar ta ɗauke fim ɗin ta sa wasu. Na ce masa ai ana iya nemowa a waya. Ya dube ni kamar na ce mu ci abinci a banɗaki. "Fim a tafin hannu? Zazzau dai ba a ci gaba ba." Haka muka yi shekaru muna kaiwa bakin alƙalamin nan muna tashi.

Sai shekarar da aka ba mata izinin tuƙi ta zo. Babbar 'yar gidan su Kawu ta yi lasin, ta sayi 'yar ƙaramar mota ja. Ba a kore shi da wulaƙanci ba. Maigidansa ya kira shi har falo, wurin da bai taɓa zama ba, aka ba shi gahawa da dabino, aka gode masa, aka ce idan iƙamarsa, takardar zama a ƙasar, ta ƙare ba za a sabunta ba, za a yi masa fita ta ƙarshe. Ni aka bar ni, don idon maigidana ya yi rauni, uwar gidan kuma ta rantse ba za ta shiga motar da 'yarta ke ja ba. Da Kawu ya gaya mini, abin da ya fara zuwa raina ba shi ba ne, ni ne. Na ce a zuciyata, shi ke nan, na koma hira da sitiyari.

Na roƙi izini na kai shi filin jirgi da hantsi. Ya bar mini talabijin ɗin da sauran yajin. Da muka sa jakunkuna a but, na buɗe masa gaba, sai ya ce a'a, yau a baya zai zauna, a kusurwar masu gida, ya ji abin da suke ji. Na buɗe masa ƙofar baya na ɗan rusuna, ya shiga yana gyara riga. Muka fita daga Malaz. Ina hango shi ta madubi yana kallon garin da ya sani lungu-lungu, garin da ba wanda zai san ya tafi.

"Bazazzagi," ya ce, "na ci amanarka."

"Ba yau Bakano ya fara ba. Me ka yi?"

"Na ga ƙarshen. Ranar da maigidana bai ji daɗi ba, kana fita na sake kunnawa. Tunda ba za mu gani tare ba, bari in ba ka shi."

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya fara ba da fim yadda yake yi a gareji. Da bakinsa ya yi kiɗan. Ya ce wan ya ajiye alƙalami bai sa hannu ba, amma wannan ba shi ne zancen ba. Zancen shi ne bayan an watse, namu ya kai motar gareji, ya kashe, ya cire safar hannun nan ya ajiye a kan kujera. Ya hau bas kamar kowa, wani na tuƙa shi. Ya sauka a wata unguwa mai ƙananan gidaje. Tun daga kan kwana yara suka hango shi suka sheƙo, wannan ya kama hannu, wannan ya kama riga. Matarsa na bakin ƙofa, ko gaishe shi ba ta yi ba, faɗa ta hau yi masa wai ya daɗe, abinci ya huce. Ta shimfiɗa masa tabarma.

"Tabarma a Amurka, Kawu?"

"To kafet. Kai dai dubi hanya."

Ya ce daga nan mutumin ya buɗe baki ya yi ta magana, duk maganar da bai yi ba tun farkon fim, suna zaune kewaye da shi ana ta katse shi. A haka aka rubuta ƙarshe. Na ce kai, fim ya yi kyau. Ya ce ai ya gaya mini tun farko wane ne ekta. A filin jirgi ba mu yi doguwar sallama ba. Ya ce in yafe masa, na ce shi ma ya yafe mini, ya tura kayansa ya shige. Na dawo da motar ba kowa a baya, ina ta duba madubi.

Watannin da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu. An kawo wani direba gidan da ke kallon namu, mutumin kirki, amma ba mu da yaren da ya haɗa mu sai ɗaga hannu. An buɗe gidajen silima a garin, har nakan kai 'yan matan gidanmu, in zauna a mota a ƙarƙashin ginin ina jira su fito. Juma'a da safe ina dafa shayi kofi ɗaya. In fim ɗinmu ya zo ina kallo, ina fassarawa a fili don na saba, sai in juya gefe in ga bango. Kewar dattijon nan ta dame ni fiye da yadda na zata, har na riƙa jin haushinsa.

Wata Juma'a ɗan maigidana ya zo daga wani gari, ya ce shi zai kai mahaifinsa masallaci. Wayata ba ta yi ƙara ba. Wan ya ɗauki alƙalami, hannuna ya tafi wajen makunni da kansa, sai na tuna ba sauran doka. Na zauna. Wan ya ajiye alƙalamin bai sa hannu ba, kamar yadda Kawu ya ce. Mawaƙiyar ta haɗa kayanta za ta bar gari. Sai ga baƙar motar nan an nuno ta za a kai ta tashar jirgin ƙasa, na matso kusa. Wan ne da kansa a kan sitiyari. Ba a ce direban ya tafi ba, ba a ce an sallame shi ba, ba wanda ya tambaya. Jirgi ya tashi, wa da ƙane suka dafa kafaɗar juna, kiɗa ya yi sama, aka rubuta ƙarshe. Sunayen 'yan wasa suka fito kowa da matsayin da ya taka, na bi su da ido har ƙasa, babu direba. Ashe tun wurin ruwan saman nan da ɗan abin da ya biyo baya, fim ɗin ya gama da shi.

Na zagi talabijin ɗin, zagi na gaske, irin na tasha. Sannan na zauna na yi tagumi har aka kira sallah. Ban sani ba ko Kawu ya ga wannan ne ya ƙi ba ni shi haka, ko bai taɓa gani ba ya ƙago nasa. Ko wanne ne, na gane cewa abin da ya ba ni a hanyar filin jirgi ba fim ba ne. Abin da yake fatan ya tarar a gida ne ya faɗa da bakinsa, don ya ji yadda zai yi daɗi.

Ban kira shi a ranar ba. Sai bayan kwanaki, da la'asar, na kai 'yan matan silima ina zaune a mota, na daure na kira. Ya ɗauka da sauri kamar wayar na hannunsa. Ina jin kukan kaji da ƙarar babur a bayansa. Muka gaisa, ya tambayi layinmu gida-gida, har da kuliyar da ke kwana a ƙarƙashin motarsa. Na tambayi iyali, ya ce kowa lafiya.

"Kana ina yanzu, Kawu?"

"Ƙofar gida, a kan benci. Ciki sun saba da harkarsu, in na shiga sai in ga kamar na takura su. Nan ake miƙo mini abinci." Ya ɗan yi dariya. "A tire."

Ya ce abokansa na gareji wasu sun rasu, wasu sun tashi, matasan layin kuma kowa kansa na cikin waya. Sannan ya tambaya kamar ba da gangan ba.

"Fim ɗinmu yana zuwa?"

"Ya zo."

"Ka kai ƙarshe?"

"Na kai."

Ina jin numfashinsa. Ya san abin da na gani, ni ma na san ya sani.

"To," ya ce, "yaya ka gani?"

"Kawu, ashe Bakano bai iya ba da fim ba. Ka tsallake rabi. Ba ka gaya mini autarsa ce ta fara isowa ta cire masa hular nan ta sa a kanta ba."

Da ya amsa, muryarsa ta sauka ƙasa.

"Haka ne. Tsufa, na manta wurin. Me ta ce masa?"

"Baba ta ce masa. Ta ce, Baba, ka daɗe."

"Sai kuma me?"

Na gyara zama na ci gaba. Na yi masa kiɗan da bakina, ban iya kamar shi ba, ya gyara mini. Na ba shi yadda suka ja mutumin zuwa ciki, yadda ba wanda ya rage murya, yadda matar ke faɗa tana zuba miya. Ina cikin haka na hango 'yan matan sun fito daga lif, riƙe da sauran gugguru. Motar a kulle take. Babbar ta ja ƙofa, ta ƙwanƙwasa gilashi, ta ɗaga mini hannu tana tambayar lafiya. Tunda na zo ƙasar nan ban taɓa barin ɗan gidan ya jira ni ba. Amma lokacin ban kai direban kan tabarma ba, yana tsaye a tsakar gida da takalmi a ƙafa, Kawu kuma na cewa sai me. Na ɗaga mata yatsa alamar ta ɗan dakata. Sai da na zaunar da shi a tsakiyar iyalinsa, na sa masa kwano a gaba, ya sa hannu tare da su, sannan na buɗe musu ƙofa.